Kafin ka sayi fuloti, tambayi inda ruwa ke bi



Daminar bara wani abokina ya kira ni da asuba, wai katangar gidansa ta zube. Fulotin da araha ya same shi, a gangaren tudu can bayan gari. Wanda ya yi gini sama da shi ya toshe hanyar ruwa, ruwan ya juyo ya cinye ƙasar da ke riƙe da harsashin. Allah ya kiyaye, ba a ɓangaren yaransa suka kwana ba.

Kada mu raina abin nan. Ranar 14 ga Agusta 2017, gefen dutse ya zaftare a Freetown ta Saliyo bayan ruwa mai ƙarfi, sama da mutum 1,000 suka rasu ko suka ɓace. An sare itatuwa, an yi ta gini a gangare. Tuddanmu ba su kai nasu ba, amma sakacin iri ɗaya ne.

To, mafita fa? Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen wajen birni a hannun ƙananan hukumomi. Roƙonmu, a shata hanyoyin ruwa tun kafin a yanka fulotai, kuma kada a bar gini a gangare babu magudana.

Kai kuma mai saye, je ka ga wurin a watan Agusta, ka tambayi dattawan unguwa. Sun fi dillali sanin inda ruwa ke bi.

Sai mako mai zuwa, in sha Allah.