Salla tare da yara ƙanana



Zancen yau na uwaye ne da ƙananan ɗiyansu. Akwai maigidan da ke tashi da asuba, shi yi alwala, shi tahi masallaci, yara suna kwance. In anka yi mishi magana sai shi ce: a bari su girma. To, wa ya yi mishi alkawarin gobe? Dattawan da sunka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san gidajen da anka kwana da yaro, anka wayi gari babu shi. Har yanzu masassarar damina tana ɗauka. Uban da ya tashi ya iske ɗiyanshi duka suna numfashi, kyauta ce anka ba shi a wannan rana.

Malamai sun ce yaro shina da shekara 7 ake umurtar shi da salla. Amma ba a hana ɗan shekara 3 ko 4 tsayawa kusa da tabarmar uwarshi ba. Tana ruku'u, shina duƙawa. Tana sujada, shi hau bayanta shina dariya. Kada ta kai mishi hannu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi salla shina ɗauke da jikarshi Umama, ɗiyar Zainabu. In za shi sujada sai shi aje ta, in ya miƙe shi sake ɗaukarta. Kuma in ya ji kukan jariri cikin sahun mata, yakan taƙaita salla don hankalin uwa shi kwanta.

A soma da magariba, raka'a 3 ce, kuma kowa ya dawo daga gona da kiwo. Asuba raka'a 2 ce, amma barcin yaro da nauyi. Lokacin ɗari, uwa ta ɗumama ruwan buta kafin ta tashe shi.

Ɗiya mata fa? Su ne aka fi mantawa, don suna rijiya ko wajen daka. A jira su aje tulu.

Bayan sallama, uba shi tambayi kowane yaro abin da zai gode ma Allah yau. Wani zai ce hura, wata ta ce akuyarsu ta haihu. Sai a ɗaga hannu gaba ɗaya, a shafa.

Inda maigida ya tahi ci-rani, kaka ko wan uba shi tsaya gaba.