Baƙo da Kyamara a Gidan Mutanen Nesa

 

Hirarmu ta yau a kan wasu finafinai ce da ake nunawa a talabijin, waɗanda ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar mutane ce ake ɗaukowa. Za ki ga Bature ya rataya jakarsa ya shiga ƙuryar daji, ko ya hau kwalekwale zuwa wani tsibiri, ya zauna da wata ƙabila, ya ci abin da suke ci, ya kwana inda suke kwana. Da yawanmu ba ma fita sai da lalura, amma tun da tauraron ɗan'adam da wayar hannu suka shigo gidaje, duniya ce take iske mu har cikin ɗaki. Yara ma sun fi mu kallo. Sai ki ji sun tuntsire da dariya suna cewa, "Umma, zo ki ga marasa kaya!" To, a wannan lokacin me ya kamata uwa ta ce?

Wanda ya fi yin suna a irin wannan aiki shi ne Bruce Parry, wani tsohon sojan Ingila. Daga 2005 zuwa 2007 gidan talabijin na BBC ya nuna shirinsa mai suna Tribe, wato Ƙabila, inda ya zauna da ƙabilu 15, kowacce kamar wata guda. A 2025 kuma ya sake komawa, ya ziyarci wasu ƙabilu uku a ƙasashen Kolombiya da Angola da Indunusiya.

A Habasha ya zauna da ƙabilar Suri, waɗanda matansu ke cire haƙoran gaba na ƙasa, su huda leɓe, su sa masa faranti na yumɓu, ana ƙara girmansa a hankali. Samarinsu kuwa suna karawa da dogayen sanduna a gaban jama'a. Kafin ki ce wannan wace irin wahala ce, ki tuna da sharon Fulani, ki kuma tuna da tsagar fuska da kakanninmu suka ɗauka abin ado da shaidar asali. A wajen ƙabilar Hamar, duk a Habashan, saurayi ba ya aure sai ya bi ta kan bayan shanun da aka jera yana gudu bai faɗi ba. A ranar, 'yan'uwansa mata su da kansu suke neman a zane su da tsumagiya, kuma tabon da ya rage a bayansu bashi ne a kansa: duk ranar da ɗayarsu ta shiga wani hali, dole ya tsaya mata. Abin babu daɗin gani, kuma ba sai mun yarda da shi ba, amma yana da dalili a wajen masu yi.

Akwai kuma waɗanda za su ba mu kunya. Mutanen Penan na dajin tsibirin Borniyo, a ƙasar Maleshiya, babban laifi a wajensu shi ne rowa. In mafarauci ya samo nama, sai an raba wa kowane gida daidai, har gidan da bai fita farautar ba. Ki auna wannan da yadda yau maƙwabci ke kwana da yunwa, kwanon tuwo bai tsallaka katanga ba.

Sai dai rayuwar nan da muke gani a fim ba a tsaye take ba. Tun shekarun 1980 kamfanonin katako ke sare dajin Penan, har a 1987 suka fara tare hanyoyin motocin da jikinsu, maza da mata da yara. Yau mafi yawansu sun daina yawo a daji, sun zauna a ƙauyuka. A Habasha, an ƙaddamar da madatsar ruwa ta Gibe ta uku a kan kogin Omo a 2016. Kafin nan kogin yakan cika duk shekara ya bar laka mai taki a bakin gaɓa, mutane su shuka dawa a kai, kamar yadda ake noman fadama. Da aka tare ruwan, wannan ambaliyar ta tsaya, noman da ya dogara da ita ya shiga matsala. Ƙabilar Matis ta Barazil kuwa, da suka fara cuɗanya da mutanen waje a shekarun 1970, cututtuka irin su mura, waɗanda jikinsu bai saba da su ba, suka hallaka da yawa daga cikinsu. Wani canjin kuma daga cikin gida yake fitowa: 'yan matan Suri da dama, musamman masu zuwa makaranta, sun ƙi a huda musu leɓe.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, 'yar'uwa. Ba duk abin da kyamara ta nuna ne yake haka ba. A 2011 BBC ta nuna wani shiri mai suna Human Planet, aka ga mutanen Korowai na yankin Papua suna gina gida can ƙololuwar wata doguwar bishiya, suna tarewa a ciki. A 2018 ita BBC ɗin da kanta ta amsa cewa ba gidan zamansu ba ne, domin masu ɗaukar fim aka gina shi. Mai fim abin da zai sa a buɗe baki yake nema. Rigar gwanjo da bokitin roba da wayar da ke aljihun mutumin ba sa jan 'yan kallo, don haka sau da yawa ba a kansu ake tsayar da kyamara ba.

Mu ma nan kusa da mu muna da misali. Fulanin Woɗaaɓe na Nijar, waɗanda muke kira Bororo, an yi finafinai da yawa a kansu, ciki har da wanda Bajamushe Werner Herzog ya fitar a 1989. Abin da duniya ta riƙe game da su shi ne rawar Gerewol, samari sun yi kwalliya suna zare ido suna nuna farin haƙori. Bikin kuwa kwanaki kaɗan ne a shekara. Sauran watannin na neman ruwa da ciyawa ne, kuma farin 1984 ya kashe musu dabbobi har wasu suka shigo gari neman aikin gadi da sayar da magani. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka rawa ce sana'arsu.

Wani abin lura shi ne, baƙo namiji da maza yake zama. Hirar da ake yi a bakin murhu da ɗakin mai jego ba ta cika isa kunnensa ba. Shi ya sa aikin wata Baturiya, Mary Smith, ya fita daban. A 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: aure da kishi da goyo da ƙawance da zamanin harin bayi. Littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Mace ce ta shiga wajen mace, shi ya sa aka ji abin da ke bayan zaure.

To, idan yara suka yi dariyar nan, kada ki taya su, kada kuma ki kashe akwatin. Ki tambaye su: me mutanen nan suke ci? Wa ke renon yaransu? Da mu aka zo ɗauka muna wankan jego ko lallen amarya, yaya za mu ji in wasu suna can suna mana dariya? Bahaushe ya ce abincin wani gubar wani. Yaron da ya koyi raina baƙo a talabijin, gobe maƙwabcinsa na wata ƙabila zai raina.

Sannan mu waiwayi namu gidan. Akwai al'adun da barinsu alheri ne, kamar yankan gishiri da cire beli, waɗanda likitoci suka nuna illarsu ga mata da jarirai. Akwai kuma waɗanda ke sulalewa ba don wani ya hana ba: tatsuniyar dare, gaɗa a dandali, kaɗi da mazari, luguden daka. Yaran yanzu nawa ne za su iya kawo miki labarin Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙurunƙus? Ba sai mun jira wani ya zo daga Ingila ba. In akwai tsohuwa a gidanku, ki nemi yardarta, ki ɗauki muryarta a waya tana ba da labarin yadda aka yi bikinta da yadda ake haɗa kunun kanwa. Ki ajiye wa 'ya'yanki, ba sai kin watsa wa duniya ba.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko da wasiƙa kamar yadda aka saba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara, a huta lafiya.