Tabarau a Bakin Kyamarar Waya

Makiyaya da fatake, daga Dapaong har Sokodé. Da yawanku kun bi shanu ko kaya har Lome, kun tsaya a gaɓar teku kun ɗauki hoto don na gida su gani. Kuna dubawa sai ku tarar sama ta yi fari fat, ruwan kuma sai ƙyalli. Ba lalle laifin wayar ba ne, hasken da ke dawowa daga kan ruwa ne ya fi ƙarfinta.

Masu sana'ar hoto suna da gilashin da suke ɗaurawa a bakin kyamara don ya tace wannan haske. Kai kuma wataƙila kana da irinsa a aljihu: tabaran rana, mai kashe ƙyalli, irin wanda direbobi ke so. Ba kowane baƙin tabarau ba ne. Ga gwajinsa: sa shi, ka kalli fuskar wayarka, ka riƙa juya wayar a hankali. In ta yi duhu ko ta sauya launi, to shi ne. In babu abin da ya canza, baƙin roba kawai aka sayar maka.

Ka manna gilashin dab da idon kyamarar, ka juya shi kaɗan-kaɗan har ƙyallin ya mutu. Ka tsaya yadda rana za ta kasance a gefen kafaɗarka, don a nan ya fi aiki. In kana fuskantar ta, bai cika gyara launin sama ba. Sama za ta ƙara shuɗi, ruwa ya fito da launinsa. Haka yake a kogin Oti a Mango, haka a mashayar dabbobi. A bakin teku dai ka yawaita goge idon da ƙyalle mai laushi, iskar gishiri na barin danshi a kai.

Hazon hunturu kuwa tabarau bai iya masa. Ƙura ce a cikin iska, sai ka matso kusa. Wasu yara na liƙa ledar alewa ja ko rawaya don ƙawata hoto. A kan duwatsun Aledjo ba laifi. Amma in sa za ka tura wa mai saye ta WhatsApp, ka bar shi da launinsa na gaskiya, kada a yi ciniki a waya, rigima ta tashi a kara.

Sai abin da ya fi duka nauyi. A watan Yunin 2022 yankin Savanes ya shiga dokar ta-ɓaci saboda tsaro. Kafin ka ɗaga waya a Dapaong ko Cinkassé, duba abin da ke bayan shanunka. In akwai soja, shingen jandarma ko ofishin duwan, mayar da ita aljihu sai ka yi nisa.