Yadda Za a Zaɓi Gidan Allurar Garmaho Mai Sauƙin Kuɗi

Maganarmu ta yau a kan garmaho take, musamman ɗan abin nan da ke bakin hannunsa, wanda ke riƙe da allura. Mu kira shi gidan allura. Girmansa bai fi kan babban yatsa ba, amma shi kaɗai ke taɓa faifai. Waɗansunku sun gaji faya-fayen Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, faya-fayensu na dā kuwa ba a kowace kasuwa ake samunsu ba. In gidan allura ya lalace, sai a sayi wani. In faifai ya lalace, sai haƙuri.

Da fari ku san yadda abin ke aiki. A fuskar faifai akwai wata siririyar tsaga da ta kewaya tun daga baki har ciki. Gefunanta na da ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe. Allura tana bin tsagar tana kaɗawa. Gidan allura ya mai da kaɗawar nan ƙarfin lantarki ɗan kaɗan, akwatin ƙara murya ya ƙarfafa shi, sa'an nan ku ji waƙa a lasifika.

Garmahon kakanninmu allurar ƙarfe gare shi, faifansa na juyi 78 a minti guda. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, a 1949 kuma RCA Victor ya fito da ƙaramin mai juyi 45. Tsagar waɗannan ta fi ta dā ƙanƙanta ƙwarai. Allurar faifai mai juyi 78 ta yi kusan huɗun tasu kauri. Saboda haka kada a sa allurar wancan a kan wannan.

To, kai mai niyyar saye, ga abubuwa huɗu da za ka duba.

Na ɗaya, iri. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai wanda maganaɗisu ke motsi a cikinsa, za ka ga an rubuta MM a kwalinsa. Akwai wanda naɗin waya ke motsi, watau MC. Na biyun ya fi tsada, ƙarfin da yake fitarwa kaɗan ne, yakan bukaci ƙarin na'ura, in allurarsa ta cinye kuwa galibi ba ka iya sake ta da hannunka. MM ka saya. Shi allurarsa kaɗai za ka zare ka sa sabuwa, gidan yana nan. Amma ka tambayi mai kanti ko ana samun allurarsa dabam. Kamfanin Shure, alal misali, ya daina ƙera gidajen allura tun 2018, samun allurarsa ta asali ya yi wuya.

Na biyu, mazauni. Dubi bakin hannun garmahonka kafin ka fita gida. Mafi yawa da sukuru biyu ake ɗaure gidan allura, tsakaninsu rabin inci. Waɗansu kuwa cusa shi ake yi a bakin hannun, ana kiransu T4P. Ɗaya ba ya shiga wurin ɗaya. Wayoyi huɗu ne a bayansa: ja da kore na dama, fari da shuɗi na hagu.

Na uku, bakin allura. Ka tabbata na daiman ne, gama shi ya fi daɗewa. Akwai baki mai kewaye, akwai mai siffar ƙwai. Mai siffar ƙwai ya fi bin ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe, muryarsa ta fi fita tangaran. Mai kewaye ya fi araha, ya fi sauƙin daidaitawa, ya kuma dace da tsofaffin faya-fayen da suka sha hannu. Kamfanin Audio-Technica na Japan yana da jerin VM95, gidansu ɗaya ne, allurorin ne dabam-dabam. Kana iya farawa da mai kewaye, in hali ya samu ka sa mai siffar ƙwai. Ortofon na ƙasar Denmark kuma yana da 2M Red, wanda ya ɗan fi tsada.

Na huɗu, nauyi. Kowane gidan allura da nauyin da ya kamata ya danna faifai da shi, an rubuta a takardarsa. Na VM95 giram 2 ne, na 2M Red giram 1.8. Waɗansu sukan ɗora kwabo a kan hannun don kada allura ta yi tsalle. Wannan ɓarna ce, yana cin tsaga. Waɗansu kuma sukan rage nauyin fiye da kima, suna zaton tausayin faifai suke yi. Su ma ɓarna suke yi, don allurar sai ta riƙa karo da gefunan tsagar tana kankare su. Nemi ɗan sikelin allura ka auna.

Hausawa sun ce, araha ba ta ado. Gaskiya ne in ka sayi wanda ba shi da suna, ba takarda, ba allurar canji. Amma sun kuma ce, daidai ruwa daidai tsaki. Ba amfani ka ɗora gidan allura mai tsada a kan garmahon da bai kai kuɗinsa ba. Matsakaici ka nema, ragowar kuɗin ka ajiye don allura ta biyu.

Daga ƙarshe, ku sani ko daiman yakan cinye bayan waɗansu ɗaruruwan sa'o'i na aiki, ƙura kuwa tana gaggauta haka. Mu da ke ƙasar hunturu sai mu ƙara kula. Ku share faifai kafin ku sa shi, ku mai da shi rigarsa, ku rufe garmaho. Allura kuma da ɗan buroshi mai taushi ake share ta, daga baya zuwa gaba, ba da yatsa ba. Ran da kuka ji murya ta fara shaƙewa a faifan da kuka sani lafiyayye ne, ku ɗaga hannun garmahon nan take, kada ku sake sa shi sai kun sami sabuwar allura. Allah ya sa mu dace, amin.