Lambun Ƙarshen Damina

 

Ga mu a ƙarshen Agusta. Marka ta fara sassautawa, gero ya fitar da kai, kuma mutane da dama sun ɗauka shuka ta wuce sai baɗi. Ga dawa da masara haka ne. Ga kayan miya kuwa, yanzu lokacin ya yi.

A ƙasar Kano da Zariya ruwa yakan kai ƙarshen Satumba, wata shekara har ya taɓa Oktoba. Ƙasa ta ƙoshi, rana ba ta yi tsanani ba. Wanda ya yafa alayyahu yau, cikin sati 3 zuwa 4 zai sa shi a tukunya. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin wata 2, kuma muddin ana tsinka tana ƙara bayarwa. Rama da yakuwa ba sa neman lallashi. Zogale kuwa reshe za ka sara ka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya kama.

Tumatir ne mai buƙatar lissafi. Ba ya son yawan ruwan marka, ganyensa yakan kamu da cuta. Zafin bazara kuma zubar masa da fure yake yi. Sanyin hunturu yake so. Shi ya sa manoman rani na Kura da Kadawa suke renon iri tun kafin damina ta gama tattara kayanta, su yi dashe bayan kamar wata guda. Abin da suke yi a kadada, uwargida za ta iya yi a tsohuwar roba.

Ban manta da 2016 ba, kuma na san ba ku manta ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. A tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Gidaje nawa aka yi ta kaɗa kuka dare da rana, ba don marmari ba?

Za a ce da ni babu fili. Iyayenmu sun taso a gidajen da kabewa ke hawa danga, ga garka a bayan ɗaki. Mu ne muka zo muka shafe tsakar gida da siminti daga ƙofa har makewayi, muna ganin shi ne ci gaba. Wannan abu yana damuna ƙwarai. To, ko a hakan akwai mafita. A samo buhun shinkafa, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika shi da ƙasa kashi 2, taki kashi 1. Takin ya zama wanda ya ruɓe, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. A ajiye buhun inda rana za ta same shi aƙalla rabin yini. Idan ruwan sama ya ɗauke, ruwan alwala na nan. Gida mai mutum goma, salla biyar a yini, ku auna abin da ke bin rariya a banza. A tara shi a bokiti, haka ma ruwan wankin shinkafa, amma ban da na omo.

Babban abokin gabar lambun gida akuya ce, sai kaji. A kewaye da kara ko tsohon gidan sauro tun ranar shuka, kada a bari sai an yi ɓarna. Ƙwari kuma, a daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta, a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Don Allah kada a fesa maganin gona a ganyen da yara za su ci gobe.

Magidanta, ga taku. Wannan lambu ba zai ba ku buhun hatsi ba, miya zai ba ku. Kuma mun san hannun da zai yi ban-ruwa safe da yamma: na mata ne da yara. Idan maiɗakinka ta wadata gida da ganye, kada ka ce ka samu hanyar rage kuɗin cefane. Bar mata rarar ta sayi ƙwai ko kifi. In ka zabtare, baɗi ba za ta shuka ba, kuma ba za a ga laifinta ba.

Abin da ya yi yawa a adana. Kuɓewa a yanka a shanya, tumatir a yi kauɗa, zogale a busar da shi a inuwa don kada ya dafe. A bar kuɓewa biyu ko uku su ƙosa a jikin uwarsu saboda iri. Sai dai irin leda na aure, in aka sake shuka 'ya'yansa, ba lalle su yi kamar na farko ba, gara na gida.

Shugabannin makarantu da ke wannan taro, a 1976 gwamnati ta kawo shirin ciyar da ƙasa, makarantu suka yi gonaki da lambuna. Ina roƙon kowannenku ya ware kunya goma a bayan aji da zarar an dawo hutu a Satumba, a raba wa kowane yaro dashen tumatir biyu ya kai wa mahaifiyarsa.