Turanci Kaɗai Zai Iya Haɗa Ƙasashe?



Lokacin da nake karatu a Ingila, musamman bayan ƙuri'ar ficewarta daga Tarayyar Turai a 2016, na sha jin masana suna kira da a haɗa ƙasashe masu magana da Turanci a fuskar siyasa da ciniki. Amma in suka zo lissafi, sai ka ji Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, ba a ko ambaci Nijeriya ba. To, bari mu auna maganar da ma'auninmu na gida, domin mu nan Afirka ta Yamma mun taɓa ɗanɗana irin wannan haɗin.

A shekarar 1912 Turawan mulki suka kafa hukumar kuɗi guda ga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Sule ɗaya, kwabo ɗaya mai huji: abin da aka saya da shi a kasuwar Bodinga, da shi za a saya a Kumasi. Da 'yancin kai ya matso, kowa ya kama gabansa. Gana ta buga kuɗinta a 1958, Nijeriya a 1959. Wato igiyar da ta ɗaure su mulkin Ingila ce, da ta tsinke kuwa Turanci bai riƙe su ba. A shekarar 2000 aka sake ƙulla niyyar yin kuɗin bai-ɗaya, wanda ake kira Eko, har yau babu wanda ya taɓa shi da hannu.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne korar juna. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, cikinsu har da Hausawan zango waɗanda kakanninsu suka bi hanyar Gwanja fataucin goro tun kafin Bature ya iso. Ku lura, goro ne ya kai su can, da Hausa kuma suka yi cinikinsa. Sa'an nan a watan Janairu na 1983, da kuɗin mai ya karye, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa tamu, ta ba baƙi marasa takardu wa'adin makonni kaɗan su fice, aka kwashe mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya. Ban kawo wannan don in zargi marigayin ba. Dattijo ne, malamin makaranta. Abin nufi, duk ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar renon Ingila, da Turanci kuma aka rubuta takardun korar.

A ganina, wanda duk ya tsaya bakin titi a Shagari ko Bodinga ya dubi motocin hatsi da dabbobi, ya san inda arzikinmu ya fuskanta: Illela da Birnin Ƙonni. Nijar renon Faransa ce, ta kuma fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma da aka rufe iyaka a 2023, talakawan ɓangarorin biyu tare suka ji a jikinsu. Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971. Ku ma'aikata da ke zaune a nan, ku tambayi kanku yaushe rabon da fayil ɗinta ya biyo ta teburinku.