Ina Ɗan'uwanka?

 Karatunmu na yau yana cikin Farawa sura 4, inda Kayinu ya kashe ƙanensa Habila. Da Allah ya tambaye shi labarin ɗan'uwansa, sai ya nuna ba ruwansa.

'Yan'uwa, har yau mutum bai bar wannan hali ba, makaminsa ne kawai ya girma. Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ta ƙasar Japan. Kafin shekarar ta ƙare mutane kimanin 140,000 sun mutu, waɗansu da wuta, waɗansu da gubar da bam ɗin ya bari a jikinsu.

Kada mu ce abin na nesa ne. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko kusa da Reggane, cikin hamadar Sahara a Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. Masu shirin sun ɗauki hamada kamar fili marar kowa, alhali akwai Buzaye da manoman dabino da 'ya'yansu. Mu da muke ganin ƙurar hunturu tana sauka har Fatakwal mun san iska ba ta tsayawa a kan iyaka. Shi ya sa, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961, ta kuma hana jiragen ruwanta da na sama shigowa Nijeriya.

To, ina tushen irin wannan makami? Yana cikin zuciyar da ta daina ganin wani a matsayin mutum. Kai ba ka da bam, amma kana da harshe. Jita-jita ɗaya a kasuwa ta isa ta ƙone unguwa. Maƙwabcinka, ko Ibo ne, ko Ikwere, ko Musulmi, Allah ne ya halicce shi, kuma zai tambaye ka labarinsa. Me za ka amsa?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba shugabannin duniya tsoronka, ka riƙe hannuwansu daga waɗannan makamai. Ka sa mu zama masu kula da maƙwabtanmu, cikin sunan Yesu. Amin.